A riƙa auna tansiyon yara su ma

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah a ɗan ba ni fili.

Bara wana ya faɗi a shagonshi cikin kasuwa, shekararshi 44, kafin a kai asibiti rai ya yi halinshi. Likita ya ce mana kitse ne ya toshe jijiyoyin zuciya, kuma abun ba jiya ya faro ba tun yarinta yake taruwa a hankali, ya ce in a gida an samu wanda ya tafi da wuri haka to a duba yaranshi don akwai na gado, kusan mutum 1 cikin 250 da kolestarol mai yawa, wato kitsen cikin jini, ake haihuwarshi. Wallahi da farko ban yarda ba, yaro da ciwon tsofaffi? Sai daga baya na karanta cewa tun 1953 likitocin Amurka sun binciki gawar sojojinsu da suka mutu a yaƙin Koriya, samari ƴan shekara 22 haka, fiye da kashi 70 cikin 100 jijiyarsu ta riga ta fara tara kitse.

Na ɗauki ɗan marigayin mai shekara 10 na kai shi wani asibitin unguwa a auna mishi tansiyo, mai awon har da ƴar dariya, wai ba su da abun ɗaura hannu na yara sai na manya, alhali na manya ba ya ba da lamba daidai a siririn hannu. A Amurka daga shekara 3 ake auna tansiyo duk shekara, kolestarol kuma tsakanin shekara 9 da 11.

Mu nan Maradi tamowa ta tsorata mu, shi ya sa in yaro ya yi ɓul-ɓul sai murna, ba mai tambaya. Ku je bakin lakwal lokacin rekreyasiyo ku gani, fanke da awara a man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi, ga lemon leda sikari zalla, a gida miya dunƙule huɗu ga gishiri, ga yayye suna busa shisha ƙannensu na zaune suna shaƙa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce yaro ya motsa jiki minti 60 a rana, namu waya ta riƙe su.

Roƙona ga hukumomin lafiya na jiha shi ne a kai wa kowace CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa ko ƙauye, abun awon nan na yara. Yaron dai sai a wani kilinik na kuɗi muka samu aka auna shi, sakamakon awon kolestarol na jininshi kuma ranar Litinin za mu karɓo.

Wani mai karatunku,
unguwar Bagalam, Maradi