Wata 14 ina ɓoye wa likitata abin da ya fi damuna

Assalamu alaikum Likita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na gidan rediyo. Don Allah idan za a karanta wasiƙar nan a tsaya a kan sunan gari kawai, domin mutanen gidana ma suna sauraren shirinka.

Ni magidanci ne, shekarata 52, ina sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau. Matata ɗaya, shekararmu 24 da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya bakwai. A 2018 aka gano ina da ciwon suga, bayan shekara biyu hawan jini ya biyo baya. Na sha taba kusan shekara 20 kafin Allah ya raba ni da ita. Bara da damina ƙirjina ya fara riƙewa idan na hau bene ko na taya yara ɗaga buhu, aka yi mini gwajin zuciya, aka ƙara mini wata 'yar ƙwaya da ake sawa a ƙarƙashin harshe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita, gabana ya yi rauni. Ba dare ɗaya abin ya zo ba. Da farko yakan tashi amma ba ya daɗewa, sai ya kwanta ana tsaka da buƙata. Daga baya ya koma sai an yi da ƙyar, yanzu kuwa wata 14 ke nan ban iya sauke haƙƙin iyalina ba. Sha'awar tana nan a zuciya, jikin ne ba ya amsawa. Ko tashin da namiji kan samu da asuba na manta rabona da shi.

A majalisarmu kowa likita ne, muddin aka ce “wani abokina ne ke fama”. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce sanyi ne, wani ya ce dattin mara. Na bi su duka. Na sayi burantashi da gagai a wajen masu mota da lasifika, na aika an kawo mini goron Tula, na sha wani jiƙo na basir da ya sa na kwana uku ina zaryar bayan gida, ga suga a jiki, har sai da aka ƙara mini ruwa. Wani ya ce in gwada tramol, na ƙi, don na ga yadda ta mayar da 'yan dakonmu. Akwai kuma wanda ya ce ɗauri aka yi mini, na yi wata biyu ina kallon maƙwabcina na rumfa da mugun zato, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan har yau ina istigfari a kansa.

A cikin duka, ɗaya ne ya yi aiki, wani baƙin tsimi a robar ruwa, ba suna ba lamba. Amma a daren kaina ya yi kamar zai tsage, fuskata ta ɗauki zafi, hanci ya toshe, hasken ƙwan lantarki ya riƙa yi mini shuɗi-shuɗi. Da na miƙe sai jiri ya kwashe ni, na dafe bango.

Makonni uku da suka wuce na tafi wani kemis nesa da unguwarmu, inda ba wanda ya san ni, na ce a ba ni shuɗiyar ƙwayar nan, Viagra. Mai shagon dattijo ne, ya jira sai da wata mata ta karɓi maganinta ta fita, sannan ya ce, “Alhaji, akwai maganin da kake sha kullum?” Na zaro ledar daga aljihu na zazzage masa a kan kanta: metformin, atenolol, da ta ƙarƙashin harshen. Ya ɗauki ta ƙarshen ya karanta, isosorbide, sai ya turo mini kuɗina. Ya ce ko ninki goma zan biya ba zai sayar mini ba, domin su biyun duk buɗe hanyoyin jini suke yi, idan suka haɗu jini kan faɗi warwas, mutum ya sume ko ya rasa ransa. Da na ba shi labarin tsimin nan sai ya girgiza kai, ya ce alamun da na lissafa na sinadarin sildenafil ne, wato abin da ke cikin Viagra, kuma an sha kama masu daka shi cikin maganin gargajiya ba awo ba ƙa'ida.

Ya zaunar da ni a benci ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Ya ce tashin gaba aikin jini ne da jijiya: jini ke cika shi ya tsaya. Suga idan ya daɗe yana lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da ke kai saƙo, hawan jini da taba su ƙara ƙuntata su. Hanyoyin jinin gaba kuma sun fi na zuciya sirantaka, shi ya sa sukan riga toshewa, har raunin ya zama gargaɗi shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. Na yi lissafi a raina, Likita, wallahi haka nawa ya zo: raunin ya riga ciwon ƙirjin. Ya kuma ce wasu magungunan hawan jini, har da irin nawa, kan ƙara matsalar, amma kada in kuskura in daina da kaina.

To ga inda gizo ke saƙa. Duk bayan wata biyu nake zuwa asibiti. Likitar da ke duba ni tana da kirki, amma sa'ar 'yata ta fari ce, ga nas a zaune, ga ƙofa ana ta turowa. Idan ta gama rubutu takan ɗago ta ce, “Baba, akwai wata damuwa?” Sau bakwai ina cewa, “Babu, sai alheri.”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai ɗakina. Na koma daɗewa a majalisa sai na tabbatar ta yi barci. Ina ganin lallen da take yi, ina jin turaren wutar da take sa wa ɗaki, in shige kamar ban lura ba. Wani dare na tarar da ita a kan sallaya idanunta jawur, ta ce, “Alhaji, idan aure za ka ƙara ka faɗa mini, zan iya. Idan kuma laifi na yi, ka yafe mini.” Na ce gajiyar kasuwa ce. Matar da ta yi jinyar mahaifiyata shekara huɗu, ita na bari tana tuhumar kanta.

Likita, ka taimake ni da amsa. Mai ciwon suga da ciwon zuciya irina, wanda aka hana wa ƙwayar nan, yana da wata hanyar magani a asibiti, ko shi ke nan sai haƙuri? Idan na daidaita sugana, na rage tumbi, na riƙa tattaki, abin da ya lalace yana dawowa? Za a iya canza mini maganin hawan jinin? Na ji ana maganar gwajin sinadarin maza da likitan mafitsara: shi zan nema kai tsaye a asibitin Malam Aminu Kano, ko sai likitata ta tura ni? Laifi ne in roƙi a haɗa ni da likita namiji, ko in rubuta a takarda in miƙa mata?

Sannan ka koya mini kalmomin da zan fara faɗa wa matata, waɗanda za su cire mata zargin kanta. Wani lokaci ina jin in ɗauke ta mu tafi asibitin tare, wani lokaci kuma in ji gara ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Talata ta sama ce ranar komawata asibiti. Idan da hali a karanta wasiƙar nan kafin ranar, zan kasance a cikin mota ni kaɗai ina saurare.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka,
Wani mai sauraro daga Kano