Wasiƙa ga Iyaye: Daga Ina Sinadarai Suka Samo Asali?

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara, barkanmu da war haka.

Wasunku sun tare mu a bakin ƙofar makaranta suna cewa yara sun ishe su da tambayar taurari. Ku yi haƙuri, aikin malaman kimiyya ne. A wannan zangon 'yan aji biyar na sakandare suna kan jadawalin sinadarai, wato jerin tushen abubuwan da aka yi komai da su, kuma ba ma son su haddace shi kamar aku. Gara su san inda kowane ya fito.

Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya da kusan biliyan 13.8. Da farko zafi ya yi tsananin da ko ƙwayar zarra ba ta iya tsayuwa. Cikin mintunan farko zafin ya ɗan lafa, furoton da niyutoron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, suka fara haɗuwa, amma damar ba ta daɗe ba, domin sarari na ta faɗaɗa yana hucewa. Abin da aka tsira da shi, in an auna da nauyi, haidurojin ne kusan kashi 75 cikin 100, hiliyom kusan kashi 25, sai ɗan burbushin litiyom. Babu kabon, babu ƙarfe. Sai bayan shekara wajen 380,000 ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin da a da ke yawo suna tare haske, suka samu wurin zama a jikin zarra, haske ya samu hanyar wucewa. Ragowar hasken nan ne masana Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da labarinsa a Amurka a 1965, bayan sun ɗauka kashin tantabaru ne ya ɓata musu eriyar da ta kamo shi. Nan ne ajin ya fi dariya.

Mafi yawan sauran sinadaran a cikin taurari aka dafa su daga baya, kamar yadda masanin taurari Fred Hoyle da abokan aikinsa suka bayyana a 1957. Iskar oksijin da muke shaƙa da ƙarfen da ke cikin jininmu duk daga can suke. A ganinmu wannan sashen ne ya fi cancantar lokacin yara, ko da bai cika fitowa a jarrabawar WAEC ba.

Roƙonmu guda biyu ne. Kowane ɗalibi ya zo da babban kwali da fensir mai launi, zai zana jadawalin, ya bambanta sinadaran farko da na taurari. Za a baje su ranar taron iyaye da malamai. Sannan kafin hazon hunturu ya rufe sararin Kaduna, ku bar su su fita tsakar gida bayan isha'i su kalli sama, tare da babba a kusa.

Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Shugaban Makaranta