Kalmar "over" ba "bisa" kaɗai take nufi ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana malaman Turanci kan kalmar nan "over". Shekara 27 na yi ina koyarwa a sakandare nan Sakkwato kafin in aje aiki, kuma har gobe in ka tambayi yaro ma'anarta, "bisa" zai ce maka ya ja bakinsa. Haka muka ba su a allo.

Makon jiya maƙwabciyata ta aiko ɗanta, ɗan aji biyar, da kwalbar maganin tari, wai in duba ko za a ba ƙanwarsa mai shekara 4. A jikin kwalbar an rubuta "children over 12 years". Yaron ya karanta sarai, amma ya ce bai ga abin da "bisa" take yi a wurin ba. Na ce masa a nan "fiye da" take nufi, maganin na waɗanda suka haura 12 ne. Allah Ya tsare, ba a riga an ba yarinyar ba. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya fi damuna, kalmar tana bakin yaranmu tun kafin su shiga aji. Je ka tashar mota ka ji ana faɗa da direban Illela kan obalodi, lodin da ya wuce ƙima ke nan. Lebura ya san obatayim. A filin ƙwallo in ta haye turke sai a ce ta yi oba. Na'urar 'yan sanda kuwa oba-oba muke ce mata, don mai magana kan ce "over", wato na gama, saura kai. Ga wuce iyaka, ga hayewa, ga ƙarewa, duk a kalma guda.

In ta manne a gaban wata kalma ma sai an yi hattara. "Oversee" kula da aiki ne, "overlook" kuwa sau da yawa idonka ne ya tsallake abu. Ɗalibai da dama na gani sun kasa amsa wannan a jarabawar gwaji.

Don Allah malamai, mu fara darasin daga obalodi, sannan mu kawo kwalin magani aji yara su karanta da bakinsu.

Naku,
Tsohon malamin Turanci,
Runjin Sambo, Sakkwato.