Kafin a cire haƙori, a duba gaɓar muƙamuƙi

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ya same ni, ko Allah zai sa wani ya tsira da haƙorinsa. Ni mai ɗinki ce a Garwa, arewacin Kamaru, shekaruna 36.

Ciwon ya soma ne a goman ƙarshe ta azumi, shekara biyu ke nan, lokacin da ɗinkin Sallah ya yi mini yawa har ina kwana a kan keke. Na zo yin sahur, ina buɗe baki sai na ji ƙas a gaban kunnena na dama. Tun daga ranar, in na yi hamma sai hawaye, in na tauna lomar tuwo sai zogin ya haye har gefen kai ya sauko wuya. Da safe ya fi tsanani, in tashi kumatuna a gajiye kamar na kwana ina tauna.

Da yake a kunne nake jin sa, maganin ɗigawa a kunne na fara saya. Surukata ta ce sanyi ne, aka kira wanzami ya yi mini ƙaho. Wani mai tallan magani a kasuwa ya miƙo mini tiramol, na ƙi karɓa, don na ga yadda ya lalata samarin unguwarmu. Daga ƙarshe na je wani ƙaramin asibiti. Mutumin da ya duba ni bai taɓa ko gefen fuskata ba. Ya haska tocila a bakina, ya ƙwanƙwasa turmin haƙorina na ƙasa, ya ce shi ne, a cire. Haƙorin nan ba rami, ba tsutsa, amma wanda ya yi wata huɗu ba barcin kirki, duk abin da aka ce masa zai yarda. Aka cire. Daɗewar da bakina ya yi a wangame ta ƙara tayar da ciwon, na yi mako biyu cokali ba ya shiga sai da dabara. Har yau in harshena ya taɓa giɓin sai raina ya sosu.

Maigidana ne ya matsa muka je wurin likitar haƙori a babban asibiti. 'Yar kudu ce, Faransanci take yi, wata ma'aikaciya tana juya mini da Fillanci. Abin da ta fara yi shi ne ɗora yatsunta a gaban kunnuwana biyu, ta ce in buɗe baki in rufe a hankali. Ta ji ƙarar da kanta. Ta ce in jera yatsuna uku a tsaye in sa tsakanin haƙoran gaba, wai bakin mai lafiya yana ɗaukar uku. Nawa biyu ma da ƙyar. Ta danna naman kumatuna, na zabura. Sai ta juya ga maigida ta ce, "Alhaji, tana gurza haƙora cikin barci?" Ya ce ƙwarai, ya daɗe yana ji, ya ɗauka ba komai ba ne. Ta tura ni hoton baki gaba ɗaya, sauran haƙoran duk lafiya lau, sai dai kawunansu sun soma cinyewa.

Ga bayanin da ta yi mini. A gaban kowane kunne akwai gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai, a tsakiyarta akwai ɗan faifan guringuntsi da ke hana ƙashi gugar ƙashi. In faifan ya goce, shi ne ƙarar da ake ji. In naman da ke motsa gaɓar ya gaji da cije haƙora, ko damuwa, ko yawan tauna abu mai tauri, shi ne zogin da ke yaudarar mutum ya zaci kunne ne ko haƙori. Faɗuwa a kan babur da ciwon gaɓɓai su ma suna kawo shi. Ya fi kama mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma akasarin masu shi suna warkewa ba tare da tiyata ba. Ƙara kaɗai, in babu zafi kuma baki yana buɗewa, ba ta bukatar magani.

Abin da ta ɗora ni a kai ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa. Na yi makonni a kan kunu, fura da nono, tuwo mai laushi da miyar kuka, da kifin Binuwai. Goro, kilishi, rake, aya, ƙanzo da cingam duk na ajiye. Ta hana ni yanke zare da haƙori da riƙe allura a baki, al'adar da na tashi da ita tun ina koyon ɗinki, yanzu almakashi yana rataye a wuyana. Safe da dare in gasa wurin da tsumma mai ɗumi na minti 15. In hamma ta zo, in tallafi haɓa da hannu. Ta koya mini cewa in ba ci nake ba, leɓe ya kasance a rufe amma haƙoran sama da na ƙasa kada su haɗu, kuma wallahi sai a lokacin na gane cewa duk sa'ad da nake taka keke haƙorana a cije suke. Ta rubuta ibuprofen na 'yan kwanaki kawai, bayan ta tambaye ni ko ina da gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko juna biyu. Daga baya aka auna bakina aka yi mini wata roba da nake sawa da dare, ita ce ta fi cin kuɗi. Cikin wata uku yatsu ukun suka shiga. Ciwon yakan ɗan motsa in aiki ya yi yawa, amma na san abin yi.

Kada mai karatu ya ce to kowane ciwon muƙamuƙi gasawa da tsumma mai ɗumi ne maganinsa. In baki ya sarƙe bayan an taka ƙusa ko an ji rauni mai datti, tana iya zama cutar sarƙe-haƙora, tana kisa. Haka kumburin fuska da zazzaɓi da wahalar haɗiya, ko baki ya buɗe ya ƙi rufuwa, ko zafin muƙamuƙi ya zo tare da ciwon ƙirji da gumi. Waɗannan na asibiti ne a ranar, ba na mai ɗori ba.

Akwai kuma yara. A layin jira na zauna kusa da wata baiwar Allah da ɗanta mai kimanin shekara 9. Ya faɗo daga bishiyar mangwaro yana ƙarami, haɓarsa ta bugi ƙasa, aka ɗinke fatar aka koma gida. A hankali gaɓar ta haɗe da ƙashi, yanzu ta tsakanin haƙora ake zura masa kunu. An ce sai tiyata a Yawunde, ke nan mota zuwa Ngaundere, sannan kwana a jirgin ƙasa, ga kuɗin aiki. Uwar tana ba ni labari tana goge ido da bakin mayafi. Duk yaron da ya bugu a haɓa, iyaye su sa a duba gaɓar, su kuma lura da buɗewar bakinsa watanni bayan nan.

Edita, roƙona gare ka shi ne ku gayyato likitan haƙori ya yi bayanin wannan ciwo da Hausa a shafinku na lafiya, don ɗan abin da ake samu a nan da Faransanci yake, yawancinmu mata ba mu karanta shi. Hukumomin lafiya na yankin Arewa kuma ina roƙon su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci duban nan na yatsu a gaban kunne, wanda bai kai minti biyar ba kuma ba ya bukatar na'ura, su kuma riƙa tura mutum gaba in haƙorin da ake zargi ba shi da rami.

Wassalam.

Wata mai ɗinki,
Garwa, Kamaru