Sanarwa ga ƴan rukuni: kuɗin bincike kan harkar tsaro

Salam ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah a karanta wannan kafin a ci gaba da turo sitika.

Abin na damuna wallahi, DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnatin tarayya, na nan Kakuri a Kaduna tun 1964, ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga cibiyar fasaha ta sojan sama wato AFIT, ga jami'ar jiha KASU da Kadpoly, ABU ma Zariya ce kawai, amma in an zo rabon kuɗin bincike kan tsaro sai mu ji labari a bakin mutanen Legas da Abuja. Gashi sabuwar dokar DICON ta 2023 ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa da ƴan kasuwa.

Malamanmu, kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantun gwamnati yake bi, kuma da ɗan taƙaitaccen bayani ake farawa, to ku jawo masu walda, masu sola da yaran nan masu haɗa jirgi mara matuƙi cikin tawagarku tun yanzu.

Masu kamfani kuma a duba rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), takardar biyan haraji da rajistar BPP (hukumar kula da kwangilolin gwamnati), nan ne galibi ake faɗuwa, ba wajen basira ba.

Mai sha'awa ya rubuta sunansa da sana'arsa a ƙasa, zan haɗa ku biyu-biyu zuwa Asabar in sha Allah.