Zuwa ga Malamin da ya tambaye ni: me ya kai fasahar intanet gidan tarihi?

Assalamu alaikum Malam,

Ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni: aikin fasahar da aka ƙirƙira a intanet, wanda kowa zai buɗe a wayarsa kyauta, me gidan adana kayan tarihi zai tsinana masa? Amsata ita ce irin wannan aiki ya fi zanen takarda saurin mutuwa, kuma in ba a samu mai jinyarsa ba, ba wanda zai san ranar da ya cika.

A 1994 wani Ba'amurke mai suna Douglas Davis ya buɗe wani shafi, ya fara jimla, ya gayyaci duniya ta ci gaba da ita. Sharaɗi ɗaya ne, kada kowa ya sa ɗigon aya. Mutane suka yi ta zubawa cikin harsuna daban-daban, wani addu'a, wani zagi, wani soyayya. A 1995 aikin ya shiga hannun gidan Whitney da ke birnin New York. Da shekaru suka tura, manhajar da ke karɓar rubutun ta daina aiki, mahaɗan da mutane suka liƙa suka mutu, wani ɓangare da aka rubuta da Koriyanci ya dagule ya zama tarkacen alamomi. Sai da masana suka zauna a kansa, aka sake buɗe shi a 2013 gida biyu: ɗaya yadda yake a da, ɗaya kuma rayayye da za ka iya ƙara naka. Wannan shawarar ta burge ni ƙwarai, domin sun yarda cewa shigar jama'a ita ce ran aikin.

Haka gidan Guggenheim ya farfaɗo da wani aikin intanet mai suna Brandon na Shu Lea Cheang a 2017, aikin da aka fara a 1998. Da kamfanin Adobe ya janye hannu daga Flash, manhajar da ke kunna hotuna masu motsi a shafukan intanet, a ƙarshen 2020, ayyuka masu tarin yawa suka daina buɗuwa. Ƙungiyar Rhizome, wadda ke tare da gidan adana fasaha na New Museum a New York tun 2003, tana sake gina yanayin tsofaffin kwamfutoci don a ga irin waɗannan ayyuka kamar yadda masu su suka tsara.

Ka san ginin ƙasa irin na Gidan Makama a Kano, in aka bar shi ba yaɓe damina za ta cinye shi. To haka nan ma.

Amma akwai inda nake tare da kai, Malam. Yana yi mini ciwo in ga an ɗauko aikin da aka yi don jama'a su taɓa, an kafa shi a allon bango, an yanke masa intanet, an rubuta "kada a taɓa". Gidan da ya karɓi irin wannan aiki wajibi ne ya bar shi a buɗe ga mai waya a Zinder ko Kumasi, ya kuma ware kuɗin gyaransa duk shekara tun ranar da ya sa hannu.

Wassalam.