Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar agogon auna zuciya da kuke ta tambaya

Assalamu alaikum jama'a, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya aiki.

Mun ga gara mu rubuto muku a buɗe kowa ya gani, don tambayar nan ta yi yawa, ta waya, ta WhatsApp, wasu ma da hoton abin suke turo mana, wai me ya hana mu kawo agogunan nan masu araha da ake ta talla a intanet, waɗanda aka ce suna auna zuciya suna auna hawan jini har suga ma suna aunawa ba tare da an huda yatsa ba. Gaskiyar magana ba za mu kawo su ba, kuma ba don babu riba a ciki ba ne, riba kam akwai. Maganar suga ma tuni ta ƙare, a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ta ja kunnen mutane kada su dogara da agogo ko zoben da aka ce yana auna suga ba tare da huda fata ba, ta ce ko ɗaya ba ta amince da shi ba. Mu dai zuciya ce fanninmu, to bari mu yi muku bayaninta.

Abin da yawancin mutane ba su gane ba shi ne hanya biyu ce daban ake bi wajen auna zuciya. Koren hasken nan da kuke gani yana ƙyaftawa a bayan agogo jinin da ke wucewa ƙarƙashin fata yake dubawa, duk bugu ɗaya jini ya ƙaru haske ya canza, sai agogon ya ƙirga, shi ke nan aikinsa, ƙirga bugu. Ita kuwa hanya ta biyu, wadda ake kira ECG, lantarkin da zuciyar kanta ke fitarwa kafin ta matse take karantawa, shi ya sa dole sai ƙarfe ko maliƙi, wato ɗan abin da ake mannawa a fata, ya taɓa jiki a wuri biyu aƙalla. To da yawa daga masu arahar nan haske kawai gare su, sai a zana wani layi mai hawa da sauka a fuskar agogon mutum ya ɗauka ECG ɗinsa yake kallo, alhali zane ne kawai. Wannan ne ya fi ba mu haushi wallahi, don mai ciwo zai ga layi lafiya lau ya koma ya kwanta.

ECG ta gaske ta sha doguwar tafiya kafin ta iso hannunku. Injin da Willem Einthoven ya haɗa a Leiden ta ƙasar Holan wajen 1903 nauyinsa ya kai kilo 270, mutum biyar ke sarrafa shi, majinyaci kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri kafin a samu karatu, a 1924 aka ba shi kyautar Nobel a kai. Wadda ake yi muku a asibiti yanzu maliƙai 10 ake sa wa a ƙirji da hannu da ƙafa, ta duba zuciya ta fuska 12. Matsalarta ɗaya ce, daƙiƙu kaɗan take ɗauka, ita kuma rikicewar bugu ba ta jiran ranar ganin likita, sai ta taso da tsakar dare ta lafa kafin gari ya waye, ku je asibiti a ce ba a ga komai ba. Wannan ne ya dami wani masanin kimiyya Norman Holter na jihar Montana ta Amurka, na'urarsa ta farko a ƙarshen shekarun 1940 jaka ce ta goyo mai kilo 38, amma daga nan aka samu na'urar Holter da ake ratayawa a jiki ta yi ta naɗar bugun zuciya na awa 24 zuwa 48. Yanzu har an kai ga wadda take kamar filasta, a liƙa a ƙirji ta yi ta naɗa har kwana 14 ba waya ba igiya, akwai ma 'yar mitsitsiya da likita ke sakawa ƙarƙashin fata batirinta ya yi kusan shekara uku, irin Reveal LINQ ta kamfanin Medtronic, amma wannan aikin asibiti ne ba namu ba.

Kada a ce mun yi wa agogo kuɗin goro, akwai na ƙwarai. Apple Watch tun 2018 tana yin ECG ta gaske, ku ɗora yatsa a kan maɓallin gefe na daƙiƙa 30, ita ma 'yar na'urar Kardia da ake haɗawa da waya haka take, kuma sukan taimaka wajen kama rikicewar bugun nan da likitoci ke kira AFib, wadda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, kuma mutum zai iya daɗewa da ita bai sani ba. Sai dai agogon ta fuska ɗaya yake kallon zuciya, kamar mai leƙen ɗaki ta taga ɗaya ne, abin da ke ɗaya ɓangaren ba zai gani ba. Su kansu masu ƙera shi sun rubuta cewa ba ya gano toshewar jijiyar zuciya. Don Allah ku riƙe wannan, in ƙirji ya ɗaure muku kamar an ɗora nauyi, ga zufa, ga numfashi yana sarƙewa, ko ciwon yana bin hannu ko muƙamuƙi, ba lokacin danna agogo ba ne, kuma ba lokacin kiranmu ba ne, asibiti za a nufa nan take.

Sai 'yar na'urar yatsa mai auna iskar oksijin, wadda Takuo Aoyagi na Japan ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, muna sayar da ita kuma za mu ci gaba, amma ku sani wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna takan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Jan farce da sanyin hannu ma suna ruɗa ta. In lamba ta ce lafiya amma mutum yana haki, mutumin za ku duba.

Abin da muka ƙaro yanzu shi ne hayar Holter da ta filastar nan, ga wanda likitansa ya rubuta masa, ba ma bayarwa haka kawai kuma ba mu ne ke fassara sakamakon ba, likitan ne, mu namu mu liƙa daidai mu sauke bayanan mu miƙa masa. Ranar da za ku zo kada ku shafa mai a ƙirji don maliƙin ba ya kamawa, masu gashin ƙirji kuma a yi haƙuri za a ɗan aske wurin. Za mu ba ku takarda ku riƙa rubuta lokacin da kuka ji faɗuwar gaba ko jiri da abin da kuke yi a lokacin, da ita likita zai gwada da abin da na'urar ta naɗa, don haka a daure a cike ta. Wanda kuma ya riga ya sayi agogo a wani wuri yana so ya san ECG ce ta gaske ko zane, ya kawo mu duba masa.

Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Naku,
Ma'aikatan kamfani